Liyarin kaka da gumakan Rumawa: a tambayi sikeli kafin a sayar

Tun bayan girbi maganar ke yawo a ƙauyukan arewacin Kano, daga yankin Ɗambatta da Makoɗa har Kunchi, Tsanyawa da Bichi: wai duk mai tsohon kuɗi a gida ya warke. Ana nuna hotuna a waya, ana turawa ta WhatsApp, ana musu a majalisa bayan la'asar. Wani ya ce kwabo mai huji ake nema, domin tauraron da ke jikinsa hatimin Annabi Sulaimanu ne. Wani ya ce a'a, babbar azurfar nan mai kan mace ce, kuɗin Rumawan farko, matar kuwa gunkiyarsu ce, kuma a cikin ƙarfen akwai sinadarin da ke jan shinkafa, wanda Turawa ke saye da miliyoyi. Can gefe kuma ga masu cewa ajiye irin wannan abu a ɗaki ajiye gunki ne, gara a rabu da shi ko nawa aka taya.

Mai kwaɗayi da mai tsoro duk hanya ɗaya suke bi, kuma dillali ɗaya ke jiransu a ƙarshenta. Na farko yana biyan kuɗin gwaji ko ya sayi kwabo da tsada yana jiran Baturen da ba zai zo ba. Na biyu yana sa tsohuwa ta buɗe adaka ta miƙa azurfar da ta gada daga uwarta a kan kuɗin da bai kai na kwanon gero ba. Dukkansu sun yarda da abu guda, cewa sirrin kuɗi yana cikin hoton da ke kansa. Wannan shi ne kuskuren, kuma tarihin Rumawan da ake jingina wa maganar shi ya fi kowane tarihi ƙaryata ta.

Wace ce matar da ke kan azurfar?

Babbar azurfar da ake samu a kayan tsofaffi, wadda kakanninmu ke kira liyari, hoton mutum ne a kanta. Sunan matar Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya da Hangari da Bohemiya, wadda ta yi mulki daga 1740 zuwa 1780, ta haifi 'ya'ya 16. Lulluɓin da ke kanta na takaba ne, domin mijinta ya rasu a 1765. A bayan kuɗin akwai mikiya mai kai biyu, tambarin gidan sarautarsu. Gaskiya ne rubutun Latin da ke zagaye da kanta yana kiranta sarauniyar Rumawa, amma laƙabi ne da sarakunan Jamusawa suka ara, ƙarnuka bayan rushewar daular Rum ta yamma a shekara ta 476.

Shekarar 1780 da ke jikin kusan kowane liyari ita ma tana ruɗar mutane. 'Yan kasuwar Habasha da ƙasashen Larabawa da na Sahara sun saba da wannan bugun, ba sa karɓar wani, har suna duba 'yan duwatsun adon da ke kafaɗar matar don su ga ko ya goge. Saboda haka aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar ba a canza ba, a Biyana, daga baya kuma a Landan, Faris, Rum, Birasel da Bombai. An buga fiye da miliyan 300, kuma har yau ana buga shi a Biyana. Liyarin da ke ɗakin kaka yana iya zama na zamanin Shehu ɗan Fodiyo, yana iya zama na lokacin yaƙin Hitila.

Fatake ne suka kawo shi ƙasar Hausa ta hanyar Turabulus, Gadamas, Agadas da Damagaram, da kuma ta Borno da hanyar alhazai. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza liyari ɗaya da wuri 2,500. Abin da ya sa attajiran kasuwar Kurmi suka amince da shi a bayyane yake: nauyinsa giram 28 da ɗigo, kashi 83 cikin 100 na jikinsa azurfa ce, wato kimanin giram 23 na tsantsar azurfa, kuma an yi rubutu a gefensa yadda in aka kankare shi za a gane. Da shi maƙeran fari suka ƙera mundaye da zobba da awarwaron da aka yi wa kakanninmu mata kayan aure.

Akwai wata azurfar da ta shigo ta ƙasar Faransa, wato dala ta faran 5, mai nauyin giram 25, wadda kashi 90 cikin 100 nata azurfa ne. A kan wasu bugunta akwai kan Seres, gunkiyar hatsi ta Rumawa, a wasu kuma ƙaton nan Harkilis tsakanin mata biyu. Wannan ita ce hanya mafi kusa da gumakan Rum suka bi suka shigo hannun Bahaushe, kuma Faransawan ƙarni na 19 ne suka buga su don ado da alama. Kuɗin Rumawa na asali bai taɓa zama kuɗin ciniki a kasuwannin Kano ba. Kayan Rum sun kai Jarma da ke Fazzan, kuma a kabarin Tin Hinan da ke Abalasa a kudancin Aljeriya an samu hatimin kuɗin sarki Kustantin a jikin ganyen zinariya, amma tsakanin can da Ɗambatta akwai rairayi mai yawa. Tarihin Kano ya ce ko wuri ma sai a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa (1703–1731) ya shigo ƙasar Hausa.

Me ya kai gumaka kan kuɗin Rum?

Azurfar Rumawa da ta fi shahara ita ce denariyus. Ta fito wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da Hannibal, jarumin Kartaj ta ƙasar Tunisiya ta yau, ya sa Rum a gaba. Yaƙi ya cinye baitulmali, tsohon tsarin kuɗinsu ya rushe, sai suka buga ƙaramar azurfa mai nauyin giram 4.5, faɗinta kamar na tsohon sisi. A fuska ɗaya kan mace ne da kwalkwalin yaƙi, Roma, wadda suka ɗauka ita ce birnin nasu a siffar gunkiya. A ɗaya fuskar wasu tagwaye ne bisa dawakai riƙe da masu, Kastor da Polluks, waɗanda almararsu ta ce sun taɓa kawo musu ɗauki a fagen fama. A bayan kan matar akwai alamar X, wato goma, ma'ana azurfa ɗaya daidai take da manyan kwabban tagulla goma. Maƙerar kuɗin kanta tana kusa da ɗakin bautar gunkiyarsu Juno Moneta, a kan dutsen Kafitol.

Samari uku 'ya'yan manya ake naɗawa kowace shekara su kula da bugun. Da tafiya ta yi nisa, sai suka fara zaɓen hoton da zai ɗaga gidajensu, kowa ya sa abin bautar da danginsa ke taƙama da shi. Julius Kaisar ya sa Benus, domin gidansu na iƙirarin daga gare ta suka fito. A shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa ya yi abin da ba a saba ba, ya bari aka sa fuskarsa a kan kuɗi yana raye. A watan Maris na wannan shekarar aka kashe shi, kuma bayan shekara biyu Burutus, ɗaya daga cikin makasan, ya buga nasa kuɗin da wuƙaƙe biyu da hular 'yantaccen bawa a tsakaninsu.

A zamanin da babu jarida babu rediyo, kuɗi ne kaɗai abin da ke shiga hannun kowane soja da manomi daga Ingila har Masar, don haka da shi sarki ke yin shela. Kansa a gaba, saƙonsa a baya. In yaƙi ake yi sai a ga Mas, gunkin yaƙi, ko Minerba da garkuwa. In an ci nasara sai Biktoriya mai fukafukai. In ana son mutanen birni su kwantar da hankali cewa jiragen alkama sun iso daga Masar da arewacin Afirka, sai Seres ko Annona da zangarniya a hannu. Sarki Hadriyan (117–138) har Afirka ya sa a siffar mace da hular kan giwa, riƙe da kunama, ga kwandon hatsi a gabanta. Akwai ma gunkiya mai riƙe da sikeli, alamar cewa kuɗin sarki cikakke ne. Sojan da ke karɓar denariyus 225 a shekara a zamanin sarki Agustus da waɗannan hotuna yake sayen burodi da man zaitun, yana biyan bashi, yana caca.

Hoto ya zauna, azurfa ta tafi

A zamanin Agustus denariyus yana da giram 3.9, kusan tsantsar azurfa. A shekara ta 64 sarki Nero ya rage nauyinsa zuwa kimanin giram 3.4, ya kuma zuba masa jan ƙarfe kaɗan. Sarakunan baya suka ga hanya. Septimiyus Seberus (193–211), haifaffen Libiya, ya ƙara wa soja albashi, ya mai da azurfar kusan rabi da rabi. Ɗansa Karakalla a shekara ta 215 ya fito da sabon kuɗi da aka ce daidai yake da denariyus biyu, alhali nauyin ɗaya da rabi gare shi. Kafin shekara ta 270 azurfar da ke cikin wannan sabon kuɗin ta gaza kashi 5 cikin 100. Tagulla ce aka yi wa wankan azurfa, ta ɗan zaga hannu sai ja ya fito.

Duk manomin da ya taɓa sayen takin zamani na algus ya san wannan labari. Buhun sabo fil, tambarin kamfani raɗau, lambobin sinadari a rubuce, ɗinki daidai. Sai an barbaɗa, an jira sati biyu, dawa ta ƙi yin baƙi, sannan a gane rabinsa yashi ne. Tambarin bai yi ƙarya da bakinsa ba, amma bai ƙara wa yashin komai ba. Mai wayo yakan zura hannu cikin buhun ya murza, ya jiƙa kaɗan a ruwa ya ga abin da zai kwanta a ƙasa. Hoton kan kuɗi tambarin buhu ne, azurfar ita ce takin.

Abin da ya fi jan hankali shi ne, a daidai lokacin da kuɗin ya fi lalacewa ne gumakan suka fi yawa. Sarki Galliyenus, a ƙarshen mulkinsa wajen 267 zuwa 268, ya buga jerin kuɗi da sunayen Jupita, Afolo, Diyana, Naftun da sauransu, kowanne da dabbarsa, ana kiransu masu tsaron sarki. A 268 hafsoshinsa suka kashe shi, farashi kuwa ya ci gaba da hawa. A shekara ta 301 sarki Diyokletiyan ya kafa dokar ƙayyade farashin kaya fiye da 1,000, da hukuncin kisa ga wanda ya saɓa, amma kaya suka ɓace daga kasuwa, dokar ta mutu. Talakawan Rum, masu bautar waɗannan gumaka da gaske, ba su ruɗu ba: sukan binne tsohon kuɗi mai kyau, su kashe sabon. Marubucinsu Tasitus ya ruwaito cewa ƙabilun Jamus ma sun fi son tsofaffin denariyus da suka sani.

Irin wannan ya faru a nan gida. Hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da Ingila ta kafa a 1912 ta fito da taro, sisi, sule da fataka na azurfa a 1913, jim kaɗan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe. Azurfarsu kashi 92.5 cikin 100 ce. Bayan yaƙin duniya na farko azurfa ta yi tsada, sai daga 1920 aka koma bugawa da gaci mai ruwan ɗorawa. Kan Sarki Joji na biyar yana nan, bishiyar kwakwar manja tana nan a bayan sule, azurfa ce kawai babu. Don haka sule biyu masu hoto iri ɗaya, na 1916 da na 1925, ɗaya maƙeri zai saya da daraja, ɗaya kuwa sai dai tarihi.

Musulmin farko da kuɗi mai hoto

Ga masu tsoron gunki, akwai tarihin da ya kamata a sani. A zamanin Manzon Allah (SAW) ba a buga kuɗi a Makka ko Madina. Dinarin zinariya daga Rum ta gabas yake zuwa, da hoton sarkinsu da gicciye. Dirhamin azurfa daga Farisa yake zuwa, da kan Kisra a gaba da murhun wutar majusu a baya. Da su aka yi ciniki, aka biya sadaki, aka fitar da zakka, ana lissafa su da nauyi. Sai a zamanin halifa Abdulmalik ɗan Marwan aka buga dinari mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan hijira, dirhami kuma a 79.

Hukuncin ajiye abu mai hoto na malamai ne, su za a tambaya. Amma ma'aunin da fiƙihu ya bar mana na nauyi ne. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595. Wanda ya gaji liyari 26 na gaske yana riƙe da azurfar da ta haura wannan. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne ko dirhami 3, kusan giram 9 na azurfa, wato liyari ɗaya ya ninka shi fiye da sau biyu. Wanda ya ce wa tsohuwa ta yar da wannan ko ta bayar a banza, dukiya ya raba ta da ita.

Kwabo mai huji da tatsuniyar zaiba

Shi kuwa kwabo mai huji bai taɓa ganin azurfa ba. An fara buga shi a 1907 da gaurayen jan ƙarfe da nikel, daga 1952 aka koma tagulla. Anini na farko da alminiyam aka yi shi. Hujin don a zura a igiya ne, rubutun Larabcin da ke jikin na zamanin Turawa ƙimar kuɗin kawai yake faɗa, tauraron mai tsini shida kuma shi ne a tutar Najeriya ta mulkin mallaka daga 1914 zuwa 1960. An buga su miliyoyi barkatai. Ko na 1936 mai sunan Sarki Edward na takwas, wanda ya sauka kafin shekara ta cika, yana da yawa, kuma masu tara tsofaffin kuɗi a Turai da araha suke sayensa.

Batun zaiba, sinadarin nan da ake cewa yana jan shinkafa, wadda 'yan damfara ke kira makyuri, ya fi komai sauƙin warwarewa. Zaiba ruwa ce a yanayin da muke rayuwa, ba ta daskarewa sai sanyi ya kai kusan digiri 39 ƙasa da sifili, shi kuma kuɗi faifan ƙarfe ne da aka danna tsakanin hatimi biyu da ƙarfin inji, babu rami a cikinsa. Azurfa da tagulla ba sa jan komai, maganaɗisu ma ba ya kama su. In ka ga shinkafa na bin kwabo a bidiyo, to an shafa wani abu ko an ɓoye wani abu. Jar zaibar da ake cewa ana haɗa makamai ko kiran aljanu da ita, babu ɗakin binciken da ya taɓa nuna ta. A 2009 irin wannan jita-jita ta tashi a Saudiyya kan tsofaffin kekunan ɗinki na Singer, mutane suka zuba dukiya, aka tashi babu komai.

Gaskiya ne wani tsohon kuɗi kan yi miliyoyi. A 2020 an sayar da bugun zinariya na kuɗin nan na Burutus a Landan a kan fam miliyan 3 da ɗoriya, domin guda uku kacal aka sani a duniya. Ko shi ɗin, da aka gano takardun asalinsa na jabu ne, an mai da shi Girka a 2023. Denariyus na gama-gari kuwa, mai shekara 1,800, bai cika kaiwa dalar Amurka 100 ba, saboda yawansa. A wuri ɗaya a Bulgeriya, a 1929, an tono fiye da 80,000.

Abin yi

Wanda ke da tsohuwar azurfa kada ya goge ta da toka ko yashi, kada ya huda, kada ya bari a kankare ta da sunan gwaji. Ya ɗora ta a ƙaramin sikelin masu zinariya: liyari na gaske yana kusa da giram 28, dalar Faransa kusa da 25, fatakar azurfa kusa da 11. Ya kara mata maganaɗisu, in ta manne jabu ce. Ya kai wa maƙeran fari biyu ko uku a Kurmi, ya tambayi farashin giram ɗaya na azurfa a ranar, ya ninka da nauyin tsantsar da ke ciki. Duk wanda ya taya ƙasa da haka sosai cuta ce, duk wanda ya yi alkawarin miliyoyi amma ya nemi a fara biyan kuɗin gwaji shi ma cuta ce. Kuma a tafi da mai abin, ko ɗanta da ta yarda da shi, domin yawancin wannan azurfa ta mata ce.

Abin da aka tono a ƙasa hukuncinsa daban. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana haƙa kufai da fataucin kayan tarihi da fitar da su waje ba da izini ba. Durɓi ta Kusheyi da ke ƙasar Katsina ta nuna dalili: haƙar da masana suka yi a 1992 ta fito da tasoshin ƙarfe daga gabas, da wuri, da kayan ado na zinariya, kuma saboda an rubuta inda kowanne yake kwance ne aka iya sanin shekarunsu da irin cinikin da ƙasar Hausa ke yi ƙarnuka kafin zuwan Turawa. Tulun da aka fasa da dare aka raba abin cikinsa ya tafi da wannan ilimin har abada.

Sai dai doka a takarda ba ta isa Kunchi da ƙafarta. Gidan tarihi na Gidan Makama yana cikin birnin Kano, gidan tarihin kuɗi na Babban Bankin Najeriya yana Abuja, 'yan damfara kuwa suna cin kowace kasuwar ƙauye. Akwati guda mai gilashi, da liyari, dala, sulen 1916 da na 1925, kwabo da anini, da ƙaramin sikeli da ma'aikaci mai jin Hausa, zai iya zaga kasuwannin arewacin Kano cikin rani ɗaya. Gidajen rediyon Kano suna da filin da za su ba wannan bayani minti goma, hakimai da dagatai da limamai kuma suna da bakin da ake ji. Azurfar nan ita ce ajiyar ƙarshe ta gidaje da yawa, wadda ake taɓawa ranar da damina ta ƙi ko ciwo ya kwantar da maigida. In lalura ta sa a sayar, a sayar da ita a kan farashin sikeli, a gaban shaidu, kuma kuɗin ya shiga hannun mai ita.